Tallafin Mai Ya Tafi, Tallafin Kuɗi Ya Zo: Abin da Ya Kamata Mutanen Ƙasar Yauri Su Sani

In ka tsaya bakin ruwa a Yelwa da sassafe, kafin jirage su fara lodi, za ka ga mai jirgi ya ɗaga jarkarsa yana jijjiga ta kusa da kunne, yana auna man da ya rage. A kan wannan jarkar zai yanke kuɗin da kowane fasinja zai biya, da na buhun albasa, da na kwandon bandar kifi. Shekaru kaɗan da suka wuce ba ya wannan dogon lissafi. Yanzu kuwa da shi yake kwana, da shi yake tashi.

Abin da ya kawo haka shi ne sauyin da gwamnatin tarayya ta yi wa hanyar da take taimakon talaka. Ta janye wani taimako, ta ce za ta kawo wani a madadinsa. Mutane da yawa a Yauri da Ngaski da Shanga sun ji zafin janyewar, amma ba su gane yadda sabon yake aiki ba. Shi za mu warware a nan.

Mene ne aka sauya?

Kafin 2023, gwamnati tana biyan wani kaso na kuɗin kowace litar fetur da ka saya. Abin da ake kira tallafin mai ke nan. Ba a ba ka kuɗin a hannu, amma kana cin moriyarsa duk lokacin da ka hau mota, ko ka kai niƙa, ko ka tayar da injin ban ruwa. Ba a tambayarka suna, ba a neman katinka. A shekarar 2022 kaɗai wannan tallafi ya ci fiye da naira tiriliyan 4.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin ya ƙare. Cikin kwana biyu zuwa uku litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500. A watan Yuli ta haura 600, a Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Daga baya ta riƙa hawa da sauka, amma ba ta sake kusantar inda ta baro ba. A watan Yunin 2023 kuma Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yanke mata daraja. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta kai 1,500 har ta wuce. Shi ya sa takin zamani da maganin feshi da kayan gyaran inji da zaren koma duk suka tashi, domin yawancinsu daga waje ake shigo da su ko kayan haɗa su.

Hujjar gwamnati ita ce, masu motoci da yawa da masu fasa-ƙwaurin mai zuwa Nijar da Benin su ne suka fi shan romon tallafin, don haka gara a tara kuɗin a ba talaka kai tsaye. Akwai gaskiya a wannan magana, kuma mutumin Kebbi da ya san hanyoyin kan iyaka ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata ka riƙe: tsohon taimakon yana iske ka har gida ba tare da ka nema ba, sabon kuwa sai sunanka yana cikin rajista.

Me ya sa abin ya fi ciwo a bakin tafkin Kainji?

Saboda a nan fetur ba kayan more rayuwa ba ne. Mutumin gungu, wato tsibirin da ruwa ya kewaye, ba shi da hanyar zuwa kasuwa ko asibiti sai jirgi mai inji. Masunci da ke son isa inda kifi yake sai ya ƙona mai. Manomin rani da ke shinkafa ko albasa a fadama injinsa na shan mai tun daga shuka har girbi. In mai ya ninka sau biyar, ba ya iya ninka kuɗin kifinsa sau biyar, domin mai saye ma aljihunsa ya bushe.

Akwai kuma wani haɗari da ba a cika haɗa shi da wannan batu ba. Idan mai ya yi tsada, jirgi ba ya tashi sai ya cika maƙil, sawu biyu ya koma ɗaya. Duk wanda ya tuna hatsarin ranar 26 ga Mayu, 2021 kusa da Wara a Ngaski, inda aka rasa rayuka da dama a jirgi guda, ya san abin da lodi fiye da kima yake jawowa. Wancan ya faru tun kafin a cire tallafi, amma tsadar mai tana ƙara tura masu jirgi wajen wannan gangancin.

Kuma ba yau mutanen wannan yanki suka fara biyan kuɗin gyaran ƙasa da jikinsu ba. Lokacin da aka gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka tayar da mutum fiye da 40,000, ciki har da Gungawa da yawa, domin Najeriya ta samu wutar lantarki. Har yau akwai tungayen da suke kwana cikin duhu a bakin ruwan da ke haska birane masu nisa. In dattijon gungu ya ji an ce "ku yi haƙuri, amfanin yana gaba" ya yi shiru bai ce komai ba, yana da dalilinsa.

To wane tallafi aka kawo a madadi?

Ba wa talaka kuɗi a hannu bai fara da wannan gwamnati ba. A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta fito da shirye-shirye huɗu: N-Power na matasa, ciyar da 'yan firamare, ƙananan basussuka irin su TraderMoni, da kuma naira 5,000 a wata ga gidaje mafiya talauci, wadda ake haɗawa a biya 10,000 duk bayan wata biyu. An yi amfani da bashin Bankin Duniya, da kuma dala miliyan 322 na kuɗin da aka dawo da su daga Suwizalan, waɗanda aka fi sani da kuɗin Abacha. Yawanci mace ce ake rubutawa a matsayin mai karɓa a madadin gidan.

Bayan cire tallafin mai, da farko an ce za a ba gidaje miliyan 12 naira 8,000 a wata har wata shida. Jama'a suka yi ca, aka janye. A Oktoban 2023 aka ƙaddamar da sabon tsari: naira 25,000 sau uku, jimilla 75,000, ga gidaje miliyan 15, da bashin dala miliyan 800 daga Bankin Duniya.

Ka lura da kalmar "sau uku". Ba albashi ba ne. Ba a yi alkawarin ci gaba da biya kowane wata ba.

Tafiyar ma ba ta yi nisa ba aka samu cikas. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, bisa zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, sannan aka dakatar da shirye-shiryen gaba ɗaya don a yi bincike. Da aka dawo da biyan kuɗin, sai aka gindaya sharaɗi: dole a tantance mai karɓa da lambar NIN ko BVN, kuma kuɗin ya bi ta asusu, ba a jaka ba. Wannan ya toshe wata ƙofar sata, amma ya jinkirta biyan sosai. A watan Mayun 2025 Bankin Duniya ya ce gidaje kimanin miliyan 5.6 ne kawai daga cikin miliyan 15 suka samu ko da biya ɗaya.

Naira 25,000 ɗin, me take iya yi?

Mu auna ta da mai, tunda shi aka cire. A 2017, lita tana naira 145, don haka naira 5,000 ta wancan lokaci tana sayen lita 34, kuma kowane wata. Naira 25,000 a lokacin da lita take 1,000 tana sayen lita 25 ne, kuma sau uku kacal. Adadin ya ninka sau biyar a takarda, amma ƙarfinsa ya ragu.

Wannan ba yana nufin ka raina ta ba. Ga gwauruwar da ke riƙe da marayu, 25,000 tana iya zama jarin ƙuli-ƙuli, ko kuɗin maganin zazzaɓi, ko 'yan tiyoyin masara da za su kai ta wasu makonni. Da hanau gara mannau. Amma a ganina kuskure ne magidanci ya ci bashi yana cewa zai biya in alat ya shigo, domin babu wanda zai iya gaya maka ranar shigowarsa.

Yaya ake shiga rajistar?

Nan ne aka fi samun ruɗani. Sunan abin Rajistar Ƙasa ta Masu Ƙaramin Ƙarfi, wato babban kundin da ake tara sunayen gidajen talakawa. Ofishin NASSCO da ke Abuja ne yake riƙe da shi, kowace jiha kuma tana da nata ofishin da ke tattara sunaye ta hannun ma'aikatan ƙananan hukumomi.

A ƙa'ida ba cike fom ake yi a shiga ba. Ma'aikata ne suke zuwa gari ko ƙauyen da aka zaɓa, su tara jama'a, su raba su kashi uku: maza, mata, matasa. Kowane rukuni zai faɗi abin da yake nufi da talaka a garinsu, misali wanda ba ya ɗora tukunya sau biyu a yini, ko wanda ba shi da gona ba shi da jirgi, sannan ya lissafo gidajen da suka dace. A haɗa jerin ukun a karanta a gaban kowa. Bayan haka masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida da na'ura suna tambaya: mutum nawa ne a gidan, da me aka yi rufin ɗaki, ina kuke ɗibar ruwa, wane kaya kuka mallaka. Da waɗannan amsoshin kwamfuta take jera gidaje daga mafi talauci zuwa mai dama-dama.

Abu biyu suka fito daga nan. Na farko, shiga rajista ba shi ne samun kuɗi ba. Rajistar kamar rumbu ce, shirye-shirye daban-daban suke ɗiba daga ciki gwargwadon kuɗin da suke da shi, don haka sunanka zai iya zama a ciki shekara da shekaru ba a kira ka ba. Na biyu, in ma'aikatan ba su taɓa zuwa tungarku ba, to babu kowa naku a ciki, komai talaucinku. Wannan ya fi shafar mutanen gungu da ƙauyukan da 'yan bindiga suka tarwatsa a sassan Ngaski da Shanga, domin wanda ya yi gudun hijira ya dawo Yelwa yana raɓe a gidan ɗan'uwa, garinsa na asali babu kowa, a sabon wurin kuma ba a lissafa shi ɗan gari.

Za ka ce, ai mun san yadda ake yi, 'yan siyasa ne suke cusa nasu. Ba zan ce maka ba a yi ba. Gwamnonin jihohi da kansu, a taron Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa a Yulin 2023, sun nuna shakku kan ingancin rajistar. Amma maganin hakan ba zama a gida ba ne ranar da aka kira taron gari. Ka je, matan gidanka su je, a karanta jerin kana ji. In an saka mai shago biyu an bar makauniyar unguwa, a wurin ake faɗa, gaban mai unguwa da dagaci. Tsarin kuma yana da jami'in karɓar koke a matakin ƙaramar hukuma, sai ka tambaya a sakatariya a nuna maka shi.

NIN da BVN fa, mene ne bambancinsu?

NIN lambar shaidar ɗan ƙasa ce mai alƙaluma 11, hukumar NIMC ce take bayarwa bayan ta ɗauki hotonka da zanen yatsunka. BVN ita ma alƙaluma 11 ce, amma ta banki ce, tana nuna cewa duk asusun da ke ɗauke da ita na mutum ɗaya ne. In ka manta NIN ɗinka, danna *346# a layin da ka yi rajista da shi. Ta BVN kuwa *565*0# ce. Akan cire ɗan kuɗi kaɗan daga katin waya.

Matsalar da ta fi hana mutane samun kuɗinsu ita ce saɓanin suna. Ke uwargida, a ce a NIN an rubuta ki Hauwa'u Garba, a banki Kulu Abubakar, a rajistar tallafi kuma Hauwa Buba. A wurinmu mutum ɗaya ce, kowa ya san Kulu ita ce Hauwa, Garba da Buba duk Abubakar ne. Kwamfuta ba ta san haka ba, mutum uku take gani, sai ta ƙi biya. Haka ma ranar haihuwa: dattawa da yawa sukan faɗi shekara ta daban a kowane ofis, saboda kintace suke yi. Don haka ki zaɓi abin da ke kan takardar NIN ɗinki, ki riƙe shi, duk inda aka tambaye ki suna ko shekara ki miƙa takardar a kwafa, kada ki faɗa da baki.

Sai batun yatsu. Hannun da ya shekara arba'in yana jan igiyar koma ko riƙe fartanya, zanensa yakan shafe. Za ka ga tsoho ya ɗora babban yatsa a kan gilashin na'ura, ma'aikaci ya ce ɗaga, goge, sake ɗorawa, har sau biyar, mutanen da ke bayansa a layi suna tsaki. Kada kunya ta sa ka tafi. Ka nemi a gwada sauran yatsun, in ya ƙi ka tambayi ranar da za ka dawo.

Layin waya kuma ki kula da shi kamar mabuɗin ɗaki. In da layin ɗanki ko na maƙwabci aka yi miki rajista, saƙon kuɗin wajensa zai je. In layin ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani zai iya rufe shi ya sayar wa wani.

Nawa zan kashe?

Shiga rajistar kyauta ne. Yin NIN karo na farko ma kyauta ne a ƙa'ida, gyaran suna ko ranar haihuwa ne ake biya wa. Duk wanda ya ce ka kawo dubu biyu ya saka sunanka a tallafi, ko ya turo maka saƙo a WhatsApp ya ce ka latsa ka cike, ɗan damfara ne. Haka wanda ya kira ka ya ce daga ofishin tallafi yake, ka karanto masa lambobin katin ATM ko lambar sirrin da aka turo maka yanzu. Kashe wayar kawai.

Kuɗin da ba a rubuta ba su ne na hanya. Mutumin gungu zai biya jirgi zuwa da dawowa, ya bar sana'ar yini guda, wataƙila ya tarar an ce babu netwok ya sake dawowa gobe. In kuɗin ya shigo kuma, mai POS zai cire ladansa. Shi ya sa ya fi sauƙi mutanen tunga ɗaya su haɗa tafiya rana guda, wani mai karatu daga cikinsu ya fara zuwa ya tabbatar ana aiki. A wajen cire kuɗi kuma ki danna lambar sirrinki da hannunki, ki karɓi rasit.

Ina sauran kuɗin da aka ce an tara?

Kaso mai yawa yana tafiya ta asusun tarayya, wanda ake rabawa kowane wata tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Tun bayan 2023 abin da jihohi suke karɓa a naira ya ƙaru sosai. Wato wani ɓangare na kuɗin da a da ake rage maka a gidan mai yanzu yana Birnin Kebbi, wani kuma ya kamata ya iso sakatariyar Yauri da ta Ngaski da ta Shanga, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Idan asibitin garinku babu magani, kana da hurumin tambayar kansila da shugaban ƙaramar hukuma, ba Abuja kaɗai ba.

Ma'aikata sun samu ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, jihar Kebbi ta sa nata 75,000. Ɗalibai a manyan makarantun gwamnati suna iya neman bashin karatu marar ruwa daga asusun NELFUND. Amma masunci da manomi da mai tallan fura ba su da albashin da za a ƙara musu, kuma su ne mafi yawa a ƙasar Yauri. Manomin shinkafa ma dukan biyu ya sha: da gwamnati ta sassauta harajin shigo da abinci a 2024 farashi ya sauko, mai saye ya ji sanyi, shi kuwa ya sayar da shanshera da arha bayan ya yi noma da mai da taki masu tsada.

Ƙofofi biyu ne nake ganin mutanen nan ba su cika ƙwanƙwasawa ba. Ɗaya ita ce ta lafiya. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma da shi ake yi wa marasa ƙarfi, musamman masu juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi, rajistar magani kyauta. A Kebbi hukumar KECHEMA ce take riƙe da wannan. Ki tambayi ma'aikacin asibitin mazaɓarku ko asibitin yana cikin shirin, da lokacin da ake ɗaukar sunaye. Guraben ba su da yawa, amma rashin lafiya ɗaya ya isa ya sa a sayar da jirgi ko a jinginar da gona.

Ɗayar kuma hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa ce, HYPPADEC, mai hedikwata a Minna. An kafa ta ne musamman domin al'ummomin da madatsun ruwa irin Kainji suka shafa, kuma Kebbi tana cikin jihohinta. Takan raba rigunan kariya na ruwa, ta yi ayyukan ruwan sha, ta koyar da matasa sana'a. Buƙatar gari ta fi samun shiga in an rubuta ta a takarda, da sa hannun dagaci ko hakimi, aka kai ofishinta, aka kuma riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Ku rubuta kwanan wata a bayan kwafin, domin in kun koma bin sawu, shi ne abu na farko da za a tambaye ku.